Ina Kakana Ya Tafi?

Mutuwa rigar kowa ce. Ba gidan da ba ta taɓa shiga ba. A ƙasarmu kuwa gida ɗaya yakan tara addini biyu ko uku. Kaka ya mutu yana yanka wa iskokin gidansu akuya. Uba ya mutu da tasbaha a hannunsa. Ɗa kuwa yana zuwa majami'a ran Lahadi tare da matarsa da yaransa. Sa'ad da aka gama binnewa, masu zaman makoki suka watse, sai tambaya ɗaya ta rage cikin gida: Ina ya tafi? Yara suna yin tambayar a fili. Manya suna yinta a zuci, da dare, lokacin da barci ya ƙi zuwa.

Wannan tambaya ba ta Kirista kaɗai ba ce. Kowane addini ya gamu da ita, kowane kuwa ya ba da tasa amsa. Bari mu ji abin da suka ce game da wanda ya mutu a waje da addininsu. Za mu faɗe shi daidai, ba ƙari, ba ragi, gama wanda ya yi ƙarya a kan addinin maƙwabcinsa ya karya doka ta tara, wadda ta hana shaidar zur. Bayan wannan sai mu duba abin da Littafi Mai Tsarki ya bayyana, da abin da ya rufe.

ABIN DA AZNA SUKA RIƘE

Mu fara da gida. A kwarin Maradi, da wajen Birnin Ƙwanni, da ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, kakannin mutane da yawa Azna ne. Sun san akwai Allah wanda ya yi sama da ƙasa, amma suna ganinsa nesa ƙwarai. Hadayarsu ga iskoki ta ke zuwa, irin su Doguwa da Kure da Uwar Gona. Abin da su ke nema kuwa na duniyan nan ne: ruwan damina, da rumbu cike da gero, da haihuwa, da lafiyar iyali da ta bisashe.

Azne ba ya fita wa'azi. Ba ya ce wa baƙo, zo ka bi tsafin gidanmu don ka tsira. Kowane dangi da nasa gadon gida, an haifi mutum ne a cikinsa. Saboda haka a wurinsu babu wani wanda a ke kira marar ba da gaskiya, babu kuwa wata wuta da aka tanada domin wanda ya bi wata hanya dabam. Kalmomin da mu ke amfani da su yau ma sun nuna haka. Lahira, da aljanna, da jahannama, da ƙiyama, duk daga Larabci suka shigo Hausa.

ABIN DA MUSULMI SUKA KOYAR

Maƙwabtanmu mafi yawa Musulmi ne, ya kamata mu san koyarwarsu sosai. A wurinsu, bayan an rufe kabari mala'iku biyu, Munkari da Nakiri, suna zuwa su tambayi mamaci wane ne Ubangijinsa, mene ne addininsa, wane ne annabinsa. Daga nan yana jira cikin barzahu har ranar ƙiyama, sa'ad da za a auna ayyuka bisa mizani, a bi ta kan siraɗi. Musulmi mai zunubi yana iya shiga wuta, amma daga baya a fid da shi. Wanda ya mutu cikin kafirci kuwa, bisa ga koyarwar yawancin malamansu, zai dawwama a ciki. Suratun Nisa'i, aya 48, ta nuna shirka ce zunubin da ba a gafartawa, watau haɗa Allah da wani. Suratu Ali Imrana, aya 85, ta nuna ba za a karɓi wani addini ban da Musulunci ba.

Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Suratul Baƙara, aya 62, ta ambaci Yahudawa da Nasara waɗanda suka gaskata da Allah da ranar ƙarshe, suka yi aikin kirki, ta ce suna da lada. Yawancin masu tafsiri sun ce wannan ya shafi waɗanda suka rayu kafin zuwan annabinsu Muhammadu. Suratul Isra'i kuma, aya 15, ta nuna Allah ba ya azabtar da mutane sai ya aiko musu da manzo tukuna. Daga nan malamai suka yi maganar mutanen da saƙo bai kai gare su ba, waɗansu suka ce za a jarraba su a ranar ƙiyama. Babban malaminsu Algazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙara da cewa wanda tun yana yaro bai ji kome game da Musulunci ba sai ƙarya da ɓatanci, shi ma kamar wanda bai taɓa ji ba ne, rahama tana iya samunsa. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, da almajirinsa Ibn Ƙayyim, sun kawo hujjoji cewa wutar kanta za ta ƙare wata rana, amma yawancin malamai ba su yarda da su ba.

Ga wani abin lura. Abu Ɗalib, baffan Muhammadu, shi ya goye shi, shi ya tsare shi daga mutanen Makka. Hadisan Buhari da Muslim sun ce ya mutu a kan addinin kakanninsa, yana cikin wuta, ko da ya ke azabarsa ita ce mafi sauƙi. 'Yan Shi'a kuwa sun ce ya ba da gaskiya a ɓoye. Ka gani, zafin da ka ke ji saboda kakanka, su ma sun san irinsa. Suratut Tauba, aya 113, ta hana roƙa wa mushirikai gafara ko da dangi ne. Shi ya sa maƙwabcinka yakan zo gaisuwar mutuwa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, amma ba zai ce Allah ya jiƙansa ba. Kada ka ɗauka ƙiyayya ce. Abin da aka koya masa ya ke bi.

ABIN DA YAHUDAWA SUKA CE

Yahudawa su ne mutanen Attaura da Zabura. Cikin Tsohon Alkawari an fi ambaton Sheol, wurin matattu, wuri mai duhu da shiru. Maganar tashin matattu zuwa rai ko zuwa kunya ta fito sarai cikin Daniyel sura 12. A zamanin manzanni ma ba su haɗa baki ba: Farisawa sun gaskata da tashin matattu, Sadukiyawa sun ƙi.

Kalmar jahannama daga ƙasarsu ta samo asali. Kwarin Hinnom wani kwari ne kudu da Urushalima, inda aka ƙona yara hadaya ga gumaka a zamanin sarki Ahaz da sarki Manassa, har sarki Yosiya ya ƙazantar da wurin don a daina. Sunan kwarin ya zama sunan wurin hukunci.

Malamansu na baya sun koyar cewa ba sai mutum ya zama Bayahude ba. Adalai na sauran al'ummai suna da rabo cikin duniya mai zuwa, idan sun kiyaye dokoki bakwai da aka ba zuriyar Nuhu, kamar barin bautar gumaka, da kisa, da zina, da sata. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a 1204, ya rubuta haka. Sun kuma ce hukuncin yawancin masu laifi ba ya wuce wata 12. Don haka ɗa yakan yi wa mahaifinsa addu'ar makoki wata 11 kaɗai, domin kada ya lissafta shi cikin mugaye.

ABIN DA MUTANEN GABAS MAI NISA SUKA CE

Can nesa da mu, a ƙasar Indiya da ƙasashen da ke gabas da ita, akwai ɗaruruwan miliyoyin mutane masu addinin Hindu da na Buda. Tunaninsu ya bambanta da namu tun daga tushe. Sun ce ba sau ɗaya mutum ya ke rayuwa ba. Yana mutuwa, a sāke haihuwarsa, ko mutum, ko dabba, bisa ga abin da ya aikata. Wannan sakamakon aiki suna kiransa karma. Suna da wuraren azaba, amma ba na har abada ba ne: idan bashin ya ƙare sai a fito. A wurinsu ba a tambayar sunan addinin mutum, aikinsa ne ke binsa. Begensu shi ne wata rana mutum ya kuɓuta daga wannan zagaye gaba ɗaya. Sai dai ka lura, cikin wannan koyarwa ta karma kowa shi ke biyan bashinsa har ƙwandala ta ƙarshe.

ABIN DA KIRISTA SUKA FAƊA

Mu ma ba mu yi magana da murya ɗaya ba, gaskiya ta wajaba a faɗe ta. Uku daga cikin manyan malaman ikilisiya ta farko 'yan Afirka ne. Sipiriyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda aka kashe saboda bangaskiya a 258, ya koyar cewa babu ceto a waje da ikilisiya. Orijen na Iskandariya a Masar ya sa zuciya cewa a ƙarshe Allah zai komo da kowa wurinsa, amma a ƙarni na 6 ikilisiya ta ƙi wannan koyarwa. Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya tsaya a kan cewa hukuncin madawwami ne.

Ikilisiyar Katolika, a taron Fulorans na 1442, ta ce arna da Yahudawa da duk wanda ke waje da ita ba su da rabo cikin rai madawwami. Amma a 1964, a babban taronta na biyu na Batikan, ta ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, yana kuwa neman Allah da zuciya ɗaya, yana bin lamirinsa, yana iya samun ceto ta wurin alherin Allah. Ta ambaci Musulmi da suna cikin wannan takarda.

Masu bishara daga ƙasashe 150 sun taru a Lozan ta ƙasar Suwis a 1974. Sun tabbatar cewa Mai Ceto ɗaya ne, ba dukan addinai ke kai mutum ga Allah ba, wanda ya ƙi Almasihu kuwa ya zaɓa wa kansa rabuwa da Allah har abada. Duk da haka John Stott na Ingila, wanda ya shugabanci rubuta wannan alkawari, ya faɗa a 1988 cewa yana ganin mai yiwuwa ƙarshen ɓatattu hallaka ce ɗungum, ba azaba marar matuƙa ba. Masu bi da yawa sun yi gardama da shi a kan wannan.

ABIN DA AKA BAYYANA MANA

To, ya kai mai karatu, ina za mu tsaya? Ba za mu ce dukan amsoshin nan ɗaya ne ba. Wanda ya ce mutum yana mutuwa sau ɗaya, da wanda ya ce sau dubu, ba za su zama da gaskiya su biyu ba. Faɗin haka ba raini ba ne. Limami ma ba zai yarda a ce koyarwarsa da ta Hindu ɗaya ce ba. Mu masu bin Yesu, ma'auninmu Littafi Mai Tsarki ne, abu huɗu kuwa a fili su ke a cikinsa.

Na ɗaya, akwai shari'a bayan mutuwa, mutuwar kuwa sau ɗaya ce (Ibraniyawa 9:27). Yesu da kansa ya yi maganar jahannama sau da yawa, ba kuwa da wasa ba.

Na biyu, duk wanda zai tsira, ta wurin Yesu Almasihu zai tsira (Yohanna 14:6, Ayyukan Manzanni 4:12). Ba sadakar bakwai ko ta arba'in, ba yankan rago, ba sunan Kirista a kan takardar baftisma. Shi ne ya biya bashin da ba mu iya biya.

Na uku, Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu (Ezekiyel 33:11). Wanda ya ke murna sa'ad da ya ke maganar wuta, bai san zuciyar Allah ba tukuna.

Na huɗu, za a yi wa kowa shari'a bisa ga hasken da ya samu. Bulus ya nuna cewa al'umman da ba su da Attaura suna da shari'a rubuce cikin zuciyarsu, da ita za a auna su (Romawa 2:12-16). Yesu ya ba da misalin bayi biyu: wanda ya san nufin ubangijinsa ya ƙi yi, dūkansa ya fi na wanda bai sani ba (Luka 12:47-48). Ya kuma gargaɗi Kafarnahum, garin da ya ga al'ajibansa, cewa Saduma za ta fi shi samun sauƙi a ranar shari'a (Matta 11:23-24).

Ka yi tunani a kan wannan na huɗu. Masu bishara sun zauna Damagaram a 1924. Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa a 1932. Kakanka wanda ya mutu kafin wannan, ko wanda ya mutu a ƙauyen da mai wa'azi bai taɓa takawa ba, bai riƙe abin da ka ke riƙe da shi yau ba. Allah ya san wannan. Ya san kowace hadaya da ya yi, da kowane baƙo da ya ciyar, da kowane zalunci da ya aikata, da abin da ya ce cikin zuciyarsa sa'ad da ya ɗaga kai ya dubi taurari. Lokacin da Ibrahim ya yi roƙo saboda Saduma, abin da ya jingina a kai shi ne, Mai shari'ar dukan duniya ba ya zalunci (Farawa 18:25). A nan mu ma za mu jingina.

ABIN DA AKA RUFE MANA

Allah ya nuna mana hanya, amma bai ba mu littafin sunaye ba. Wannan littafi yana hannunsa. Ka tuna da ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu. Da a ce an tambayi mutanen garinsu a ran nan, da kowa ya ce ɗan wuta ne, gama sun san sata tasa, sun ga irin mutuwar da ya yi. Ba su ji 'yar maganar da ta wuce tsakaninsa da Ubangiji a sa'a ta ƙarshe ba. Yau yana Firdausi (Luka 23:39-43). A wani gefe kuma, Yesu ya ce a ranar nan mutane da yawa za su zo suna kiransa Ubangiji, suna lissafin ayyukan da suka yi cikin sunansa, shi kuwa zai ce bai san su ba (Matta 7:21-23). Ashe wanda mu ke tsammani yana waje yana iya kasancewa ciki, wanda ya ke zaune a bencin gaba kuma yana iya kasancewa waje. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma a wannan magana fuska ba ta isa shaida ba.

Saboda haka akwai kuskure biyu da za mu guje musu. Kada ka yanke wa mamaci hukuncin wuta, gama ba kai ne alƙali ba. Kada kuma ka yi alkawarin aljanna wanda Allah bai sa a bakinka ba, don kawai ka sanyaya zuciyar mai kuka. Dukansu biyu ɗaukar kujerar Allah ne.

YADDA ZA MU YI A GIDA DA WURIN MAKOKI

Idan maƙwabci ya yi rashi, ka tafi. Ka zauna a tabarma tare da su. Ka taya haƙa kabari idan sun yarda. Uwargida ta kai hura ko tuwo, ta taya daka. Ka ce sannu da rashi, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari. Wannan addu'a gaskiya ce, kana iya yinta da dukan zuciyarka. Wurin makoki ba wurin gardamar addini ba ne. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru kafin ya kira shi ya fito. Bayan makoki kuma kada ka manta da gwauruwa da marayu. Idan damina ta zo, ka shiga gayyar noman gonarsu.

Idan ɗanka ya tambaye ka, Baba, ina kaka ya tafi? kada ka tsawata masa, kada kuwa ka yi masa ƙarya. Ka ce: Kaka yana hannun Allah. Allah ya san shi fiye da yadda muka san shi, ba ya kuwa zaluntar kowa. Mu dai an nuna mana hanya, sai mu bi ta. Yaro yana iya ɗaukar wannan amsa, babba ma haka.

Wata rana wani ya tambayi Yesu ko waɗanda za su tsira kaɗan ne. Yesu bai ba shi lissafi ba. Ya juya maganar a kan mai tambaya da waɗanda ke tsaye wurin, ya ce su yi ƙoƙari su shiga ta ƙunƙuntar ƙofa tun ba a rufe ba (Luka 13:23-25). Cikin labarin mai arziki da Li'azaru kuma, abin da ya dami mai arzikin nan cikin azaba shi ne 'yan'uwansa biyar da ke da rai tukuna (Luka 16:27-28). Matattu sun wuce inda hannunmu ya ke kaiwa. Masu rai suna nan: ƙanenka, da surukarka, da abokin da ku ke zuwa kasuwa tare. Su kana iya yi musu addu'a, kana iya ƙaunarsu, kana iya faɗa musu bishara da tawali'u a lokacin da ya dace.

Kai fa, ɗan'uwana? Kakanka bai ji ba, kai ka ji. Yana yiwuwa bai taɓa ganin Littafi ba, kai kuwa ga shi cikin ɗakinka da harshenka. Wanda aka ba shi da yawa, da yawa za a nema a hannunsa. Kada ka dogara ga cewa a gidan Kirista aka haife ka, ko sunanka yana cikin littafin ikilisiya. Ka tuba daga zunubinka, ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu wanda ya mutu dominka, ya kuma tashi. Ka bar kakanka a hannun Mai adalci. Ka ba da kanka a hannun Mai Ceto, yau, tun kana da numfashi.